Zinariyar da Ba a Gogewa

"Kowa ya kwanta! Ƙasa, na ce — ƙasa!"

Ƙarfe goma da kwata na safiyar Juma'a ne, a shagon tsofaffin sulalla na Oom Wynand Stassen, wato Kawu Wynand, da ke garin Benoni a Afirka ta Kudu. Mutum biyu suka faɗo ciki, fuska a rufe, kowa da ƙaramar bindiga. Na uku yana waje cikin farar mota, inji na aiki.

Lebona Seleke ya riga kowa kwanciya. Dole ya riga, don shi ne ya danna maɓallin da ya buɗe musu ƙofar ƙarfe. Shekara ashirin da shida yana aiki a shagon nan, bai taɓa buɗe wa baƙo ba sai ya leƙa ta gilashi sau biyu. Yau ko kai bai ɗaga ba.

Oom Wynand kuwa bai kwanta ba. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da huɗu, gwiwa ta daɗe da ƙin lanƙwasuwa, ga taurin kai kamar me. Ya dafa kantar shagon ya tsaya.

"Ku kwashi na taga," in ji shi. "Ga su can suna ƙyalli. Ku kwasa ku tafi, ba zan kira kowa ba sai kun yi nisa."

"Kai tsoho, mun yi maka kama da yara?" in ji babban cikinsu, wanda ake kira Skopo. "Na taga ka ajiye wa 'yan kallo. Sef muke so!"

Sef ɗin, akwatin ƙarfen ajiya da ke ɗakin ciki, a buɗe yake, don duk Juma'a da safe ake fito da kaya a duba lafiyarsu. Wannan ma Lebona ne ya gaya musu. Ɗayan ɗan fashin ya tsallake kanta ya shige ɗakin ciki. Aka ji yana fizgar durowoyi — ƙararas! ƙararas! Sai shiru. Can ya leƙo.

"Abuti, wace durowa ka ce?"

Shi ke nan. Abuti, haka 'yan ƙabilar Basotho ke kiran yayansu. Oom Wynand kuwa a gona ya tashi cikin Basotho, ya iya yaren tun bai iya ɗaure takalminsa ba. Ya juyo a hankali ya dubi Lebona da ke kwance. Lebona ya so a ce zaginsa ya yi.

"Ta uku, jakin banza!" Skopo ya daka tsawa. "Yi sauri!"

Aka fito da faranti mai shimfiɗar baƙin ƙyalle. Sulallan fam guda goma sha biyu na zinariya, kowanne cikin gidansa na roba mai ƙarfi, an like shi ruf, da 'yar takarda mai lamba a samansa. Skopo ya ɗauki ɗaya ya girgiza a kunne.

"Ta ina ake buɗe wannan tsiyar?"

Ya ɗaga zai ƙwala shi a bakin kanta.

"Kar ka fasa!" Tsohon da bai motsa ba don bindiga, sai ga shi ya yi kukan kura don roba. Ya cafke hannun Skopo da hannu biyu. "Ka tafi da su, amma don Allah kar ka—"

Ƙum! Gindin bindiga a gefen kai. Oom Wynand ya yi baya, ƙeyarsa ta haɗu da kusurwar sef, ya zube.

"A ware! A ware!"

Ƙofa ta bugu, tayoyi suka yi ƙara, titi ya haɗiye su. Minti uku ke nan duka. Lebona ya rarrafa ya ɗora kan tsohon a cinyarsa, yana danne jinin da safar hannunsa ta auduga, yana kiran motar asibiti da ɗayan hannun. Idon Oom Wynand a buɗe yake. Har motar ta iso bai ɗauke shi daga fuskar Lebona ba.

* * *

Wanda ya ce "Abuti" ɗin Pitso ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha takwas tsakaninsu. Da mahaifiyarsu ta rasu Lebona ya zama uwa ya zama uba, sai dai irin uban da ya fi iya faɗa da kulle ƙofa. Yaro ya girma ya bi titi. Shekara biyar ke nan yana ƙarƙashin Skopo, mutumin da aka laƙaba wa sunan da ke nufin kan tunkiya, don ba ya zaman shawara sai da dafaffen kai a gabansa.

Mako uku kafin Juma'ar nan, wata Lahadi da la'asar, Pitso ya zo gidan Lebona a Daveyton ya zauna a dokin ƙofa ya ƙi shiga. Ƙato ɗan shekara talatin da huɗu, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Abuti, na gaji. So nake in koma gida QwaQwa, ko tumakin wani ne in yi kiwo."

"To ka koma mana. Wa ya riƙe maka ƙafa?"

"Ba a barin Bra Skopo da ƙafa biyu. Ka tuna Thabang? Shi ma cewa ya yi ya gaji."

Lebona ya tuna. A cikin kwata aka tsinci gawar Thabang. Ya dubi ƙaninsa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don duk duniya shi kaɗai ya rage masa.

Washegari ya sami Skopo a rumfar mai nama, bayan tashar motoci, yana ɓare muƙamuƙin tunkiya da yatsu.

"Ntate Lebona, Baba Lebona, babban mutum! Zauna. Ka ci kunne? Kunne ya fi daɗi."

"Ƙanina na zo karɓa."

"Karɓa? Ajiya ka ba ni?" Ya yi dariya har ya ƙware. "Yaron nan ya san gidana, ya san inda budurwata take, ya san inda muka binne abin da muka binne. In sake shi haka siddan, gobe ya je coci ya tuba da sunana? A'a. Sai dai kai ma ka tsoma hannu, bakinku ya zama ɗaya. An ce tsohon da kake wa bauta yana da wasu 'yan sulalla masu sayen gida. Ka ba ni shagon, in ba ka ƙaninka. Har kuɗin mota zan ba shi."

Wanda bai san sana'ar nan ba zai ce hauka ce, kuma da ɗan gaskiyarsa. Akwai sulen da ba don kasuwa aka buga shi ba. Tun a ma'aikata ake goge ƙarfen bugun har ya zama madubi, a buga sulen fiye da sau ɗaya, a ɗauke shi da safar hannu, daga nan ba yatsan da zai sake taɓa shi. Bugun madubi, haka Lebona ke ce masa. In ya tsufa sai a aika shi ƙetare wurin masana, su duba, su ba shi maki cikin saba'in, su like shi cikin roba da lambar shaida. Zinariyar da ke jikinsa ba ita ake saye ba. Fuskar ake saye, da shaidar cewa ba wanda ya taɓa ta. Maki ɗaya tak kan raba mai gida da mai haya.

Shekara arba'in Oom Wynand ya yi yana tara goma sha biyun nan, fam-fam na zamanin mulkin Turawan Boer. Da idonsa ya raunana, idon Lebona ya zama nasa. Lebona kan ga ƙarzanen da ya fi gashi siranta, kuma in ya sunkuya kan sule ba ya numfashi sai ya kau da kai.

Kwana huɗu ya yi yana juya maganar, a na biyar ya amince. Ya gaya wa Skopo ranar, da lokacin, da inda kyamara ba ta gani, da durowar. Ya ba shi sunan mai saye, wani Fanie Kotze na garin Springs, wanda ba ya yawan tambaya. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a taɓa tsohon. Ya lallashi zuciyarsa da cewa ai akwai inshora. Ya san sarai ba kamfanin inshorar da ke biyan shekara arba'in, amma haka ya gaya wa kansa.

* * *

Kyaftin Dikeledi Maake ta iso shagon kafin jinin ya bushe. Gajeruwar mace ce mai magana a hankali, irin waɗanda ɓarayi ke rainawa sau ɗaya. Ta tsaya gaban taga ta daɗe tana kallon manyan sulallan zinariya da ke jere, ba ko ɗaya da ya motsa.

"Ntate Seleke, taimaka min, ni jahila ce a nan. Waɗannan na zinariya ne?"

"Na zinariya ne, Kyaftin."

"Manya-manya, a fili, hannu kawai za a miƙa. Amma suka wuce su, suka shiga ɗakin ciki, suka bar durowa ta ɗaya da ta biyu a zube, suka ɗauki ƙananan da ke ta uku. Ni dai shekarata goma sha bakwai ina bin ɓarayi, ban taɓa ganin masu ilimi haka ba."

"Wataƙila sun taɓa shigowa a matsayin masu saye."

"Wataƙila. Wa ya buɗe musu ƙofa?"

"Ni ne. Na zaci masu saye ne."

"Da fuska a rufe?"

"A bakin ƙofa suka rufe."

Ta gyaɗa kai kamar ta gamsu. "Je ka huta, Ntate. Ka wanke hannunka." Yana fita ta yafito wani kofur mai farin kaya. "Wannan dattijon, ko bayan gida ya shiga ina son in sani."

Ran Asabar da hantsi waya ta yi ƙara. Tannie Elsabe ce, wato Inna Elsabe, matar Oom Wynand. Lebona ya shiga motar haya ya tafi asibiti, ya same ta zaune a baranda da jakar mijinta a cinya. Tana ganinsa ta miƙe ta rungume shi, ita da ba ta taɓa wuce gaisuwar hannu da shi ba.

"Ya tafi, Lebona. Ƙarfe tara da rabi."

Ta ci gaba cikin kuka.

"Bai iya cewa komai ba tun jiya. Amma duk wanda ya turo ƙofa sai ya juya ido. Na san kai yake nema. An ce kai ka riƙe masa kai har mota ta zo. Allah ya saka maka, ɗana."

Ya tsaya tana kuka a kafaɗarsa, hannayensa a sake, ya rasa inda zai sa su. Baƙin ciki ya cika shi, da ƙyamar kansa. Abu ɗaya ya riƙe don kada ya faɗi: gobe Lahadi Kotze zai zo, a sayar, Pitso ya hau mota. In dai wannan ya tabbata, to a yi da shi yadda aka ga dama.

* * *

Maɓoyarsu wani tsohon gareji ne a bayan tudun ƙasar ma'adinai, hanyar Springs. Ran Lahadi Lebona ya sauka daga mota ƙarfe biyu na rana ya ƙarasa da ƙafa. Bai waiwaya ba, don haka bai ga motar da ta tsaya nesa da shi ba. Zakhe direba na zaune kan bonet yana gadi, ya nuna masa ƙofa da haɓa.

Wari ne ya fara tarbarsa. Wari biyu ma. Ɗaya na ƙonanniyar roba, daga wata ganga da ke hayaƙi a tsakar gida. Ɗayan kuwa ya san shi tun yana yaro: man goge tagulla.

Ya tura ƙofa ya shiga.

A kan teburin makaniki an shimfiɗa jarida. A kan jaridar, fam goma sha biyu tsirara, ba roba ba lamba, suna walƙiya kamar gindin sabuwar tukunya. Gefe ga gwangwanin man, ga tsumma ya yi baƙi.

"Ntate Lebona!" in ji Skopo, yana ta fara'a. "Ka ga aiki? Na ce a fasa robobin a ƙone. Lamba ita ke kama ɓarawo, ni ba yaro ba ne. Amma kwalliyar, wannan ƙaninka ne. Yaro mai hannu! Har na fara jin kamar kar in sake shi."

Pitso ya taso yana murmushi, irin murmushin da Lebona ya shekara ashirin bai gani ba. Yatsunsa goma baƙi ƙirin.

"Da ka ga yadda suke, Abuti! Sun yi duhu-duhu, wasu har da ja a gefe. Na ce ina, ba za a kawo Bature ya raina mana kaya ba. Tun jiya da safe nake kansu, ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna in Mme, mahaifiyarmu, ta tafi da ni gidan aikinta ran Asabar? Matar gidan cewa take ba mai goge tagulla kamar ni. Ashe hannun bai manta ba."

Lebona ya zaro ɗan gilashinsa na dubawa daga aljihu. Ya sunkuya. Bai buƙaci daƙiƙa biyu ba. Jan nan na gefe da Pitso ya kankare, shi ne launin tsufa da masu tarawa ke kashe kansu a kai. Madubin da ya haura shekara ɗari ba a ko hura masa numfashi ba, yanzu zane ne dubu kan dubu, zagaye-zagaye, yadda tsumma ya bi. Ya duba na biyu, ya duba na uku. Pitso bai yi ha'inci ba, ko ɗaya bai tsallake ba.

"Yaya?" in ji Skopo.

"Suna nan," in ji Lebona. Ya ja ƙaninsa gefe kamar zai gaishe shi, ya sa baki a kunnensa. "Fita. Yanzu. Ka ce fitsari za ka yi, ka bi ta bayan tudu, kar ka ɗauki komai."

"Haba Abuti, in ga idon Baturen tukuna mana."

"Pitso, don girman Allah—"

Ƙarar mota a waje. Zakhe ya leƙo. "Ga shi nan."

Fanie Kotze ya shigo yana share gumi, ƙaton mutum da 'yar jakar fata. Ya gaisa da Lebona da kai, don sun san juna a wuraren gwanjo. Ya buɗe jaka, ya sa farar safar hannu, ya laƙa gilashi a ido, ya matso teburin. Sai ya tsaya cak.

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya miƙe, ya zare safar yatsa bayan yatsa, ya mayar cikin jaka. Ya ɗauki fam ɗaya da hannunsa mai gumi, ya jefa kan teburin — ƙwal!

"Bari in ɗauko sikeli a mota."

"Sikelin me?" in ji Skopo.

"Na awo. Da nauyi zan saya, yadda nake sayen karyayyen zobe da warin ɗan kunne."

"Kai Bature, ka san da wa kake magana?"

"Da wanda ya yi asara nake magana. Robar da kuka fasa da sauƙi, da na fitar da su ƙetare an sake likewa da sabuwar lamba. Amma wannan?" Muryarsa ta karye, don shi ma ɗan sana'a ne ko da ɓarawo ne. "Shekaranjiya kowane ɗaya a nan gida ne. Yau duka goma sha biyun da ƙyar su sayi tsohuwar mota. Ba mai gyara wannan a duniya. Wane jaki ne ya goge su?"

Murmushin Pitso bai gama sauka daga fuskarsa ba. Ya dubi yatsunsa, ya dubi yayansa.

"Ni ne," in ji Lebona da sauri. Ya shiga tsakanin Skopo da ƙaninsa. "Ni na sa shi. Na aiko masa cewa ya goge su. Laifina ne, Skopo, da ni za ka yi."

Kotze ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Kai? Lebona na shagon Stassen? Mutumin da ya taɓa korata daga kanta don na yi tari? Ka nemi wata ƙaryar."

Da ya san abin da bakinsa ya jawo, wataƙila da ya yi shiru. Amma ya riga ya faɗa.

Skopo ya juya kan Pitso a hankali. Jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Kwana biyu. Kwana biyu kana zaune a gabana kana cinye min arziki da tsumma, ni kuma ina yi maka sannu da aiki. Har nama na sayo maka!"

"Bra Skopo, na rantse ban sani ba, gyara na—"

"Ka yi alkawari!" Lebona ya kama rigarsa. "Na ba ka shagon! An kashe min tsoho! Ka ce za ka sake shi!"

"Na ce shago da yaro. Ina shagon? Wannan tarkacen?"

Ya hankaɗe Lebona ya faɗa kan tayoyi. Bindiga ta fito.

Tau! Tau!

A waje inji ya tashi da ƙarfi. Zakhe ne. Ya hango motocin 'yan sanda suna gangarowa daga tudu, bai ce wa kowa komai ba, ya taka mota ya bar ubangidansa a ciki.

"'Yan sanda ne! Ku zubar da makamai!"

Skopo ya dumbuzi sulalla ya cusa a aljihu, ya banke ƙofar baya. Gudu — shingen waya — ya kama ya fara hawa. Ya juyo ya yi harbi sau ɗaya. Aka amsa masa da uku! Ya rataye a jikin wayar, zinariya na zubowa daga aljihunsa cikin ciyawa. Kotze kuwa tuni ya durƙusa, hannu a sama, yana kiran sunan lauyansa.

Lebona bai ga ko ɗaya daga wannan ba. Yana ƙasa, kan Pitso a cinyarsa, karo na biyu cikin kwana uku yana danne jinin da ya ƙi tsayawa.

"Abuti... me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Yi shiru, ga mota nan zuwa."

"Na ɓata, ko?"

"Ba ka ɓata ba."

"Amma ai... sun yi kyau?"

"Sun yi kyau, Pitso. Ban taɓa ganin sun yi kyau haka ba."

Pitso ya ɗan saki fuska. Baƙaƙen yatsunsa suka kama hannun rigar yayansa, suka riƙe, can suka saki. Da Kyaftin Maake ta shigo ta sami dattijon yana jijjiga gawar a hankali yana kuka da ƙarfi, ba kunya. Ta hana kofur sa masa ankwa har sai da motar gawa ta zo.

* * *

An kama Zakhe a hanyar Heidelberg kafin faɗuwar rana, mai ya ƙare masa. Kotze ya ba da sunayen mutum shida don ya rage wa kansa hukunci. Skopo ya cika a jikin shinge. An tsinto fam goma sha ɗaya, ɗayan ya ɓace cikin ciyawa, aka mayar wa Tannie Elsabe a cikin ambulan, ta ce ba ta son ganinsu. Ta sayar da shagon ta koma wurin 'yarta. Ba ta zo kotu ba, ba ta kuma aiko da zagi ba. Lebona ya samu shekara goma sha takwas a gidan yari. An binne Oom Wynand ran Alhamis, aka binne Pitso ran Asabar, bai ga ko ɗaya ba.

Amma kafin a binne su, kafin a je kotu, ran Talata da safe, Kyaftin Maake ta zauna da shi a ɗakin tambayoyi. Bai wahalar da ita ba. Ya faɗi komai daga rumfar mai nama har gareji, ya sa hannu. Ta tattara takardun, ta miƙe, sai kuma ta koma ta zauna.

"Ntate, wannan ba ta cikin takarda ba ce. Abu ɗaya ya tsaya min. Ka gaya musu rana, ka gaya musu lokaci, da kyamara, da durowa, da mai saye. Ba ka bar komai ba. Me ya hana ka ce musu kada su goge?"

Lebona ya amsa, kansa a sunkuye.

"Bai zo min ba, Kyaftin. Wa ke gaya wa mutum kada ya sa hannu a wuta? A wurinmu kowa ya sani."

"Shi bai sani ba."

"Bai sani ba," in ji Lebona. "Duk wanda ya shigo shagon nan, ko hanya ya zo tambaya, in ya matso kanta abin da nake fara ce masa ke nan: ba a taɓawa, ba a gogewa. Na gaya wa baƙi sun fi dubu. Na gaya wa masinja, na gaya wa mai shara."

"Shi fa?"

"Sau uku yana zuwa nemana a wurin aiki, tun yana saurayi. A bakin titi nake tare shi, in ba shi kuɗin mota in ce ya koma. Kunya nake ji Oom ya gan shi da irin shigarsa. Ya taɓa ce min, Abuti, wai me kuke yi a ciki ne? Na ce ba abin da ya shafe shi."

Ya ɗago ya dube ta, ido jawur.

"Shekara ashirin da shida, Kyaftin. Ran Juma'ar nan ce kaɗai na taɓa buɗe masa ƙofa."